Na Cika Littafi da Sunayen Magunguna, Amma a Gaban Keken Magani Kaina Ɗaukewa Yake

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Wata guda ke nan da aka tura mu ɗakin mata marasa lafiya, daga nan kuma za mu koma ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata. Matsalata magunguna. Na cika littafi guda da sunayensu, ina hadda har ƙarfe biyun dare, amma da na tsaya gaban keken magani sai komai ya gudu. Makon jiya Sista ta miƙo mini digoxin ta ce in kai wa wata tsohuwa. Na nufi gadon ke nan sai ta daka mini tsawa gaban masu jinya, ta ce me na duba kafin in ba ta. Na rasa amsa, na shiga banɗaki na yi ta kuka. Gwajin ilimin magunguna ma na faɗi. Babana manomi ne, sai da ya sayar da sansa na huɗa ya biya mini kuɗin makaranta, kunya ta hana in gaya masa ina tunanin bari. Anti, waɗanne magunguna ne dole in sani, kuma yaya zan yi su zauna mini?

Wa'alaikumus salam 'yata. Share hawayenki. Sau biyu na karanta saƙonki, ban ga daƙiƙanci a ciki ba. Mai hadda har biyun dare ba raguwa ba ce, hanya ce kika ɗauka wadda ba ta ɓullewa.

Tsawar da aka yi miki gaban mutane ban ji daɗinta ba, kuma ba zan ce miki daidai ne ba. Ɗalibi gefe ake jan sa a gyara masa, domin gobe masu jinyar nan za su ga kin nufo su da allura, gabansu ya faɗi. Amma tambayar da Sista ta yi, ki riƙe ta da hannu biyu. Ba ta ce ki zayyano mata abin da littafi ya ce kan digoxin ba, cewa ta yi me kika duba. Littafinki cike yake da sunaye amma babu mutum ko ɗaya a cikinsa, shi kuwa magani ba ya zama a ka sai an ɗaura shi a jikin wani mai fuska da lambar gado. Duk ƙwayar da za ki ɗauka, ki san dalilin da ya sa wannan mutumin yake shan ta, da abin da za ki duba kafin ki miƙa, da abin da za ki sa wa ido bayan ya haɗiye, da lokacin da za ki janye hannunki ki kira babba. Sunayen zan rubuta miki su yadda suke a jikin kwali, tunda haka za ki gan su. Adadin da zan ambata kuma na manya ne, ba ya maye gurbin rubutun likita ko ƙa'idar asibitinku.

Mu fara da tsohuwarki. Digoxin ana ba wanda zuciyarsa ta gaza ko take bugawa barkatai, yana ƙara mata ƙarfi yana kuma rage mata gudu. Wannan rage gudun shi ne haɗarinsa, domin tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba tazarar 'yar ƙarama ce. Shi ya sa ƙwayar take ƙanƙanuwa, miligiram 0.125 ko 0.25 a yini. Abin da Sista take so ki yi shi ne ki ɗora abin sauraren ƙirji a ƙasan nonon hagu, ki dubi agogo, ki ƙirga bugun zuciya minti ɗaya cur, ba daƙiƙa 15 ki ninka ba. In ya gaza 60, ki mayar da ƙwayar ki sanar. Ki kuma tambayi Iya ko tana jin tashin zuciya, ko abinci ya fita ranta, ko tana ganin abubuwa sun koma ɗorawa-ɗorawa. Tun 1785 wani likitan Ingila, William Withering, da ya yi aiki da ganyen da aka samo maganin daga jikinsa, ya lissafa waɗannan alamun, har yau ba su sauya ba.

Ki duba takardar maganin tsohuwar nan, ina kyautata zaton za ki ga furosemide a ciki, wanda kowa ke kira Lasix. Su biyun tare suke tafiya, kuma a nan ne ɗalibi ke fara gane cewa magunguna dangi ne da juna. Lasix yana fitar da ruwan da ya taru a ƙafa da huhu ta hanyar fitsari, amma yana tafiya da sinadarin fotasiyam, wanda ake rubutawa da harafin K a takardar gwaji. Daidai ɗinsa tsakanin 3.5 ne da 5.0. Da zarar ya sauka, digoxin ɗin da jiya bai yi komai ba yau sai ya zama guba. Don haka mai shan Lasix ki lura da yawan fitsarinta, da nauyinta kowace safiya, da jiri in ta miƙe, da ɗaurewar jijiyar ƙafa. Ki ba ta da safe, kada ki sa tsohuwa ta kwana tana neman hanyar banɗaki cikin duhu, a nan ake samun faɗuwa da karayar ƙugu. In allura ce ta jijiya, a hankali ake tura ta, gaggawa na iya taɓa ji. Spironolactone shi ma maganin fitsari ne amma akasin haka yake yi, riƙe fotasiyam yake, sai ki ji tsoron hawansa maimakon sauka.

Tunda mun zo kan fotasiyam, ga maganar da nake so ki haddace kamar sunanki. 'Yar kwalbar allurar potassium chloride ba a taɓa tura ta kai tsaye cikin jijiya. Ko wa ya ce ki yi, ko da gaggawa ake. Tsayar da zuciya take yi nan take. Cikin ledar ƙarin ruwa ake zuba ta, a jujjuya ledar sosai don kada ta kwanta a ƙasa, ta riƙa ɗiga a hankali, bayan an tabbatar mara lafiya yana fitsari. Abin da ke ba ni tsoro game da ita shi ne kamarta da 'yar kwalbar ruwan haɗa allura. Da dare, wuta ta ɗauke, ana aiki da fitilar waya, hannu sai ya ɗauko wadda ba ita ba. Ki karanta jikin kowace kwalba lokacin ɗauka, lokacin zuƙa, da lokacin yarwa.

Magungunan hawan jini su ne suka fi cika miki littafi, na sani, alhali su ne mafiya sauƙi in kin kalli wutsiyar sunan. Mai ƙarewa da "dipine", kamar amlodipine da nifedipine, buɗe hanyoyin jini yake, yana kawo kumburin idon sawu da ciwon kai, kuma yana karɓar baƙar fata sosai, shi ya sa za ki gan shi kusan kowane gado. Mai "pril", kamar lisinopril, yana kawo busasshen tari mai naci, yana ɗaga fotasiyam, ba a ba mai ciki, kuma wani lokaci yakan kumbura leɓe da harshe, abin da ya fi faruwa ga baƙar fata. In kin ga haka, ba jiran zagayen likitoci, a kira yanzu. Mai "sartan" ɗan'uwansa ne da ba ya cika sa tari. Mai "olol", su atenolol da propranolol, rage gudun zuciya yake, don haka shi ma sai kin ƙirga, kuma propranolol na iya shaƙe mai asma. Dukkansu dai ki gwada jini kafin ki bayar. In lambar sama ta awon jinin ta gaza 100, ko mutum yana jiri, tambaya ta fi bayarwa. Gargaɗi ɗaya: wutsiya takan yi ƙarya. Gentamicin da erythromycin da vancomycin suna kama a kunne, amma gida uku ne daban.

Insulin kuwa, bari in ba ki labarin kaina. Ina sabuwar nas, a wani asibiti da na fara aiki, akwai wani ɗan kasuwa mai gyambon suga a ƙafa. Da yamma na gwada sugansa, na zuƙi insulin daidai yadda aka rubuta, na yi masa, na sa hannu a takarda. Babu abin da na kuskure a lissafi. Abu ɗaya ban yi ba: ban tambaya ko abincinsa ya iso ba. Daga gida ake kawowa, ruwan sama ya tare yaron da ke ɗauke da kwanon. Bayan isha'i matarsa ta zo ta ce Alhaji yana ta faɗa ba dalili, shi da ba mai faɗa ba. Wata tsohuwar nas da muke aiki tare ta riga ni isa. Ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, gumi ne sanyi ƙalau, rigarsa ta manne da ƙirji, yatsunsa suna rawa a kan bargo, yana kallonmu kamar bai san mu ba. Ta ce in kawo suga da ruwa da gudu. Tana tallafe da kansa yana kurɓa, cikin 'yan mintoci ya dawo hayyacinsa yana tambayar me ya tara mu. Ba ta yi mini faɗa a wurin ba. Sai da asuba ta ce mini, insulin da kwanon abinci tare ake ganinsu. Yau shekaru da yawa, ban sake zuƙar insulin ban ga kwano ba.

Ga abin da za ki riƙe. Actrapid, insulin mai haske kamar ruwa, yana saurin aiki, ana yin sa kusan minti 30 kafin cin abinci. Mai duhu-duhu kamar tsararren koko, irin su Insulatard da Mixtard, ana mirgina shi tsakanin tafuka, ba a girgiza shi. In za a haɗa biyun a sirinji ɗaya, mai haske ake fara zuƙa. Da sirinjin insulin kaɗai ake auna shi, kuma ki duba ya dace da kwalbar, domin akwai mai yunit 100 a mililita, akwai mai 40. In likita ya rubuta 4U, wato yunit 4, harafin nan yakan yi kama da sifiri a karanta 40, ki tambaya, kuma wani ya duba miki sirinjin kafin ki soka. Suga in ya gaza 3.9, ko 70 a na'urar da ke ƙirga da ɗaya ma'aunin, ya faɗi. Mai iya haɗiya a ba shi cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, ruwan suga ta jijiya ake sa masa. Glibenclamide, ƙwayar ciwon suga, shi ma yana kayar da suga, musamman ga tsofaffi da masu azumi, kuma nasa yana daɗewa. Metformin, wata ƙwayar ciwon sugan, bai cika kayarwa ba, amma ana kula da ƙoda, ana kuma dakatar da shi gabanin tiyata in likita ya ce. Ranar sallama, wanda ba shi da firij ki koya masa ya sa kwalbar insulin a leda ya ajiye a sanyin gindin randa, nesa da rana.

Da kin koma ɗakin tiyata, rabin aikinki maganin ciwo ne. Paracetamol kowa ya raina shi, amma babba ba ya wuce giram 4 a awa 24, marar nauyi da mai ciwon hanta ƙasa da haka, domin hanta yake ci a ɓoye. Ki tuna magungunan mura da ake saya a kemis da yawa akwai shi a ciki. Diclofenac da ibuprofen suna kashe ciwo da kumburi, amma suna cin ciki, suna wahalar da ƙoda, suna ƙara zubar jini. Mai olsa, da tsoho, da wanda ruwan jikinsa ya ƙare saboda amai ko zawo, ki tsaya ki tambaya. Ba a haɗa biyu daga gidan nan lokaci guda.

Sai manyan magungunan ciwo: morphine, pethidine, tramadol, da pentazocine wanda a asibitocinmu ya fi kowanne yawo. Abin da suke kashewa da shi numfashi ne. Kafin allura da bayanta ki ƙirga numfashi. In ya gaza 12 a minti, mutum yana ta gyangyaɗi ba ya tasuwa da kyau, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, ki kira, ki nemo naloxone, makarinsu. Ki san inda ake ajiye shi tun ranar da kika shiga ɗakin. Shi naloxone ƙarfinsa yana riga na morphine ƙarewa, don haka wanda ya farfaɗo ba a barin sa shi kaɗai. Tramadol yakan tayar da farfaɗiya, dukkansu kuma suna sa taurin bayan gida. Waɗannan a kulle suke, da littafinsu, kowace kwalba sai an rubuta an sa hannu biyu. Kada ki taɓa sa hannu kan abin da idonki bai gani ba, ko da wadda ta roƙe ki ta girme ki. Kin san halin da ƙwaya ta jefa matasanmu, har a 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kuma ma'aikatan lafiya su kansu ba su tsira daga jarabar pentazocine ba. Amma 'yata, kada wannan tsoron ya mayar da ke mai rowar magani. Na sha ganin yaro mai sikila yana murƙususu, ana cewa ya saba ne. Ciwon nan ba wasa ba ne. Wanda aka rubuta wa, lokacinsa ya yi, numfashinsa lafiya, ki ba shi.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin komai tambaya yake so: Baba, akwai maganin da in ka sha yake ɓata maka jiki? Kada ki tsaya a "eh", ki ce me ya faru. Wani zai ce chloroquine yana sa shi ƙaiƙayi, wannan sananne ne a wurinmu, ba shi ne mai kisa ba. Wani zai ce an taɓa yi masa allura fuskarsa ta kumbura numfashi ya gagara, ko ya sha Septrin ko Fansidar fatarsa da bakinsa suka saɓule. Waɗannan a rubuta da jan biro a bangon fayil. Ampiclox da Augmentin da amoxicillin duk penicillin ne, ko da sunan bai nuna ba. In kuwa kina cikin allura mutum ya fara borin jini, murya ta shaƙe, jini ya faɗi, ki tsayar da maganin, ki ɗaga murya. Abin da ke ceton rai adrenaline ne, rabin mililita na mai ƙarfin 1 cikin 1000, a tsokar gefen cinya, a maimaita bayan minti 5 in da buƙata. Hydrocortisone da mutane ke rugawa su ɗauko a baya yake zuwa.

Ceftriaxone da metronidazole, wato Flagyl, su ne abincin yau da kullum a ɗakin tiyata. Ceftriaxone ba ya shiri da ruwan Ringer, wani nau'in ƙarin ruwa, saboda kalsiyam ɗin da ke ciki yana sa shi dunƙulewa, don haka ba a haɗa su, ba a tura su tare ta layi ɗaya. Flagyl yana bar wa baki ɗanɗanon ƙarfe, ba ya haɗuwa da giya. Gentamicin ƙoda da kunne yake taɓawa: in fitsari ya gaza mililita 30 a awa, ko mara lafiya ya ce kunnensa na ƙara, ko ƙasa na juya masa, ki sanar, balle in yana kan Lasix. Ciprofloxacin kada ya haɗu da madara ko nono ko maganin olsa na ruwa ko ƙwayar ƙarin jini, a raba su da awa biyu aƙalla. Lokaci kuma a nan ba ado ba ne. In an ce kowace awa 8, to awa 8 ɗin, ko da ya faɗo biyun dare. Allurar da ake tsallakewa saboda barci ko saboda kuɗin saya bai samu ba, ita ke koya wa ƙwayar cuta taurin kai. In kuɗi ne ya hana, ki rubuta gaskiya cewa ba a yi ba, kada ki cike gurbi, likita ya san abin da yake fama da shi.

Wanda aka yi wa aiki ya kwanta bai motsi, jini na iya daskare masa a ƙafa, gudan ya tafi huhu. Shi ya sa ake yin enoxaparin, wato Clexane, a ƙarƙashin fatar ciki, nesa da cibiya kamar faɗin yatsu uku. 'Yar iskar da ke cikin sirinjinsa ba a fitar da ita, wurin kuma ba a murza shi. Heparin da warfarin ma maganin tsinka jini ne: heparin makarinsa protamine, warfarin makarinsa bitamin K, gwajinsa INR, wanda galibi ake so tsakanin 2 da 3. Mai shan warfarin ba a hana shi zogale da alayyahu, ce masa ake kada ya yi wata bai ci ba sannan ya wayi gari yana cin kwano guda kullum. Flagyl da Septrin suna ƙara wa warfarin ƙarfi ƙwarai. Ki riƙa duba dasashi, da launin fitsari, da baƙin bayan gida, ki kuma guji allurar tsoka ga irin waɗannan. Duk mai shan maganin tsinka jini, har da aspirin, likitan tiyata da mai sa barci su sani kafin ranar aiki.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Artesunate na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ne ga kowane kilo, a yi yanzu, bayan awa 12, bayan awa 24, ana fara narka shi da 'yar kwalbar da ke cikin kwalinsa har ya washe, kuma ba a ajiye wanda aka haɗa. Bayansa sai ƙwayoyin maganin zazzaɓin na kwana uku, da abinci mai maiƙo. Quinine yana kayar da suga. Rifampicin na tarin fuka yana mayar da fitsari ja, ki faɗa wa mutum tun kafin ya gani ya tsorata ya daina sha. Omeprazole na olsa kafin karin kumallo. Salbutamol na asma yana sa rawar hannu da bugun ƙirji. Prednisolone da dexamethasone suna ɗaga suga, wanda ya daɗe a kansu ba a yanke masa rana ɗaya. Metoclopramide na amai yakan murɗe wa budurwa wuya, ido ya kafe sama, harshe ya fito, dangi su ce aljanu ne su fara neman mai ruƙiyya, alhali allurar ɗazu ce, kuma akwai makarinta.

Lissafi kada ya firgita ki, iri biyu ne kawai za ki yi ta maimaitawa. Abin da ake so, a raba da abin da ke cikin kwalba, a ninka da yawan ruwanta: an rubuta gentamicin miligiram 120, kwalba tana da 80 a mililita 2, kin ga mililita 3 ke nan. Na ƙarin ruwa kuma, leda mai mililita 500 da za ta ƙare a awa 6, da layi mai ɗigo 20 a mililita, 500 sau 20 a raba da minti 360, ya ba ki kusan ɗigo 28 a minti. In lissafi ya ce ki fasa kwalba goma ko ki ba mutum ƙwaya takwas, ki zargi lissafin.

Wani abu da littafi ba zai gaya miki ba: ki riƙa leƙa ƙarƙashin matashi da cikin kwandon masu jinya, da ladabi. Za ki ga jiƙo a gora, da garin magani a ƙullin leda, da haɗin ƙwayoyin da aka saya a tasha. In kin yi faɗa, ɓoyewa za su ƙara yi. Ki ce Mama, me ake ba ta daga gida, don likita ya san yadda zai daidaita nasa? Sau da yawa amsar ƙodar da ta ƙi aiki ko jinin da ya ƙi tsayawa tana cikin kwandon nan.

Wancan littafin ki ajiye shi. Ki sayi ƙarami mai shiga aljihu, kullum ki zaɓi mara lafiya ɗaya, ki kwafe magungunansa ba tare da sunansa ba, da dare ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina tambayar kanki me ya haɗa shi da su. Washegari ki bayyana wa ƙawarki da Hausa, kamar kina yi wa mai jinya bayani. Abin da kika kasa faɗa da Hausa ba ki gane shi ba tukuna. Magunguna uku a yini sun isa, kafin wata ya ƙare kin zagaye keken nan kaf, domin abin da ke cikinsa maimaituwa yake. Jarrabawar makaranta da ta Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta Najeriya duk irin tambayar Sista suke yi. Kuma ki tuna ke ɗaliba ce: ba ki ba da magani sai da babba a kusa, ba ki yin allurar da wani ya zuƙa ba a gabanki ba, kuma ranar da kika yi kuskure, ki faɗa a take, tun ana iya gyarawa.

Maganar Baba kuwa, kada ki kai masa zancen bari, domin ban ga dalilin bari ba. Amma ki gaya masa kin faɗi gwaji ɗaya kina shirin sakewa, ki roƙi addu'arsa. Manomi ya san shekarar da damina ke ƙin kyau, ba zai ji abin yadda kike tsoro ba, ke kuma nauyin ɓoyon zai sauka daga ƙirjinki.

Ranar Litinin ki riga kowa zuwa. In tsohuwar tana nan, ki durƙusa ki gaishe ta, ki nemi izininta, ki ɗumama kan abin sauraren a tafinki kafin ki ɗora mata. Ki ƙirga minti ɗaya cikakke, ki tambaye ta yadda ta kwana da abinci, ki duba sakamakon K na ƙarshe a fayil ɗinta. Sannan ki je ki sami Sista kafin ta buɗe keken, ki gaishe ta, ki ce: Sista, Iya ta gado kaza bugunta kaza ne, ba ta amai, in kawo mata digoxin ɗin?